Ukulelen Auta

In ka bi Wendover da sassafe ka ga wata tsohuwar mota ruwan toka ta kama layin dama tana tafiya kamar an ɗora mata tiren ƙwai, ba sai ka leƙa ba, Malam Soumaïla ne zai tafi aiki. Shekara goma sha tara ke nan yana tuƙa foklif a wani babban sito da ke bakin titin, yana ɗaga kaya yana saukewa. Bai taɓa kayar da ko kwali ɗaya ba, kuma in ka zauna da shi zai gaya maka haka, in ka ƙara zama ya sake gaya maka.

Dogo ne siriri, furfura ta fara cin gemunsa, magana kuwa sai ta kama. Ya zo ƙasar nan yana saurayin magidanci, ya yi wankin kwanuka a New York har hannunsa ya yi fari, sannan wani ɗan garinsu ya ce masa ya gangaro Greensboro, haya da sauƙi kuma akwai 'yan'uwa. Ya yi aikin kaji, ya yi tasi, ya kawo matarsa Ramlatou, suka haifi maza biyu da mace ɗaya. Yanzu suna McLeansville a wani ɗan gida mai fili a baya, inda yake shuka yakuwa da kuɓewa yana faɗa da barewa a kansu duk bazara.

Abu ɗaya kowa ya san shi da shi: kunne. Mota ta wuce, ya ce wa mai ita bel ɗinta ya kusa tsinkewa, bayan sati biyu ya tsinke. Ranar Juma'a lasifikar masallaci ta fara ƙara, kafin liman ya ɗaga kai Malam Soumaïla ya riga ya miƙe ya murɗa abin da ya kamata. Mutane suka ce ai ya taɓa yin kanikanci a Yamai. Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

To, ba kanikanci ba ne. A Dogondoutchi aka haife shi, ɗan Amadou mai gurmi, wanda ba a biki a yankinsu sai da shi. Gurmi kuwa, ga wanda bai sani ba, 'yar ƙwarya ce da ake rufe wa baki da fata, a sa mata doguwar sanda, a ɗaura tsirkiya a kai. Baba Amadou shi yake haɗa nasa da hannunsa, kuma tun Soumaïla yana ɗan shekara bakwai yake jan shi kasuwa zaɓen ƙwarya. Kafin ya kai ashirin, tsofaffi sun fara cewa ɗan zai fi uban.

Sai ya ga Ramlatou. Ubanta, Alhaji Chaïbou, babban ɗan kasuwar wake ne, kuma da magana ta je masa ya ce shi ba ya ba maroƙi 'yarsa, ko da maroƙin ya zo da raƙumi ɗari. Aka yi ta kai da kawo har wata bakwai. A ƙarshe Soumaïla ya durƙusa a zauren Alhaji gaban mutum huɗu, ya ce daga yau hannunsa ba zai sake taɓa tsirkiya ba har ya koma ga Allah. Aka ba shi mata. Da ya koma gida ya gaya wa ubansa, tsohon bai ce uffan ba. Ya karɓi gurmin ya rataye a ɗaka, ya fita gona.

Yau shekara talatin da ɗaya. Baba Amadou ya rasu, Alhaji Chaïbou ya rasu, cikin shaidun nan huɗu ko ɗaya ba ya raye. Amma alkawari kaya ne, kuma wanda zai sauke masa yana ƙarƙashin ƙasa. 'Ya'yansa dai sun san kakansu manomi ne. Ba ƙarya aka yi musu ba, yana noma.

Ana nan sai autarsa Saadatou, mai shekara goma sha ɗaya, ta dawo daga lakwal da takarda. Ta shiga ajin kiɗa, madam ta ce kowa ya zo da ukulele, wata 'yar ƙaramar jita mai tsirkiya huɗu. Malam Soumaïla ya karanta takardar sau biyu, ya ji wani abu ya tsaya masa a wuya. Hana ta? Da wane dalili? Yarinyar da ba ta taɓa roƙonsa komai ba sai littafi.

Washegari da ya tashi daga aiki ya shiga ɗaya daga cikin manyan kantunan nan da suke sayar da komai daga taya har madara. Ya nufi wajen kayan wasan yara, ya ga ukulele na roba ruwan hoda, da zanen furanni, dala goma sha tara. Ya ɗauka a kwalinsa. Ko buɗewa bai yi ba, ko girgizawa. Mutumin da yake shafe rabin awa yana ƙwanƙwasa kankana kafin ya sayi ɗaya! Ya ce wa kansa tsimi ne, ga kuɗin makarantar manyan, ga inshora. Ni dai na ce ba tsimi ba ne, gudu ne. Kuma araha ba ta ado.

Saadatou ta yi tsalle ta rungume shi. Daga ranar, kullum bayan la'asar sai ta zauna a matakalar baya da abinta, shi kuma yana can cikin yakuwa da tiyo a hannu, ya juya mata baya. Amma kunne ba shi da ƙofa. Yana jin ta tana daidaita tsirkiyoyin da waya, ɗaya bayan ɗaya, har su zauna. Tana ɗora yatsa ta danna, sai sautin ya karkace. Wayyo, kamar a ja farce a jikin kwano. Ya san ciwon tun rana ta farko: 'yan ƙarafan da aka gitta a wuyan abin ba a inda ya kamata suke ba, kunnuwan da ake murɗawa kuma sulɓewa suke kafin a gama baiti ɗaya. Ko Baba Amadou aka tayar aka ba shi wannan roba, kunya zai sha.

Abin da ya fi damunsa ba ƙarar ba ce. Yarinyar tsayawa take yi. Daidai inda sautin ya karkace, nan take tsayawa, ta yi tsaki, ta koma farko. Ba ta taɓa wuce wurin ba ko sau ɗaya. Yaron da ba shi da kunne wucewa zai yi abinsa yana murna. Ita tana jin ɓarnar, sai dai ta ɗauka daga yatsunta take fitowa. Shi kuwa ya yi ta ba yakuwa ruwa har ta kusa ruɓewa, bai ce komai ba, sati uku cur.

Ranar wata Alhamis ta same shi a falo ta miƙa masa wata takardar. Da Turanci ta yi maganar, yadda suke yi in abu ya yi musu nauyi. Ta ce za ta bar ajin kiɗa ta koma na zane, madam ta yarda, sa hannunsa kawai ake jira, ranar Litinin za a mayar.

“Me ya faru, Auta?”

Ta ce ba komai. Sai kuma ta ce madam ta mayar da ita layin baya, ta ce ta riƙa kaɗawa a hankali. Sauran yara in sun kaɗa daɗi yake yi, ita nata kullum kamar kuka. Sannan ta juyo da Hausarta mai gargada ta ce, “Baba, ni ba ni da kunne. Haka Allah ya yi ni.”

Ba ta yi kuka ba, wannan ne ma ya fi ƙona masa rai. Ta faɗa ne yadda mutum yake faɗin tsawonsa. Ta ajiye masa biro a kan takardar ta shige ɗaki.

Ramlatou tana kicin tana yanka albasa, ta ji komai. Da ya shigo neman ruwan da ba ya jin ƙishinsa, ba ta ko ɗago ba.

“Malam, jikar Amadou ce take cewa ba ta da kunne, kana zaune.”

“Kin san abin da ke kaina, Ramla.”

“Na sani mana, ba a kaina aka yi ba? Ni na ce ka kaɗa?” Ta ajiye wuƙar. “Baba, Allah ya jiƙansa, hannunka ya roƙa, ka ba shi, ka cika, ko shi ba zai ce ba ka cika ba. Amma bai ce ka bar 'yarka ta girma tana ganin kanta kurma ba. Bon, ni na gama. Ka sa hannu in za ka iya.”

Bai sa ba. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya kwana biyu yana yawo da ita. Tsoronsa ɗaya ne: in ya shiga shagon kayan kiɗa yana nuna ya san na kirki da na banza, yarinyar ba wawiya ba ce, za ta tambaya. In ta tambaya kuwa, ba zai yi mata ƙarya ba.

Ranar Asabar da hantsi ya ce mata ta sa takalmi. Ya tambayi wani abokin aikinsa, aka kwatanta masa wani ɗan shago a bayan wurin wankin mota, inda ake sayar da sababbi da na hannu. Mai shagon dattijuwa ce baƙar fata, Serah, tabarau rataye a wuya. Yana shiga ƙamshin itace da manne ya buge shi, sai da ya tsaya a bakin ƙofa ya ja numfashi. Jitoci a bango reras. Ya cusa hannuwansa duka biyu a aljihu.

Ya gaya wa Serah abin da yake nema, ya ce kada ya wuce dala tamanin, kuma ba na wasan yara ba. Ta ce a wannan kuɗin ana samun na kirki in an iya dubawa, ta sauko da guda biyar ta jera a kan tebur. Idon Saadatou ya tafi kan wani baƙi mai sheƙi kamar gilashi, an yi masa ado da fari a gefe.

Malam Soumaïla ya fiddo hannu. Ya ɗauki na farko ta ƙugu, da yatsu, yadda ba zai ko shafi tsirkiya ba. Ya juya shi ya ƙwanƙwasa bayan da gaɓar yatsa, tsakiya, gefe, ya kara a kunne. Ya ɗaga shi daidai ido ya rufe ɗaya, ya bi tsawon wuyan da kallo yadda ake duba ƙotar fartanya ko ta karkace. Ya bi gefen wuyan da babban yatsa, ya ji bakin ƙarafan yana kartarsa, ya ajiye ya ce wannan zai yanki yarinya. Na biyu ya sunsuna ramin cikinsa ya ce manne ya yi yawa. Baƙin nan mai sheƙi kuwa, ƙwanƙwasa ɗaya ya yi masa.

“Fenti ya shaƙe shi, Auta. Kyau gare shi, amma ba ya numfashi.”

Ya nuna mata ɗan itacen da tsirkiyoyi suke hawa a kan ciki. Ya ce a garinsu jaki ake ce masa, don shi yake ɗaukar kaya. In ya yi tsawo yatsu su sha wuya, in ya yi gajere tsirkiya ta riƙa zuza. Ya sa ta murɗa kunnuwan da kanta ta ji ko suna riƙewa ko sulɓewa suke. Yarinyar tana yi tana satar kallonsa. Ubanta da ko rediyo ba ya kunnawa a mota!

Serah ta sa tabaraunta. Ta ce masa ai yana iya kaɗawa, ba a biya. Ya ce ya gode, yarinyar za ta kaɗa.

Saura biyu. Ɗaya sabo dal, ruwan zuma. Ɗayan na hannu ne, ruwan ƙasa, ba ado ko ɗaya, ga ɗan karce a baya. Serah ta daidaita su duka. Sai Malam Soumaïla ya yi abin da aka yi masa a kasuwar Dogondoutchi yana yaro: ya juya wa teburin baya, ya fuskanci bango. Ya ce kayan kiɗa ba a sayensa da ido, ido maƙaryaci ne. Ya ce wa Saadatou ta ɗauki kowanne, kada ta gaya masa wanne ne, ta kaɗa tsirkiya a sake, sannan ta danna ta a ƙarfe na goma sha biyu ta sake kaɗawa. In abin na gaskiya ne, sautin biyu uwa da 'ya ne, murya ɗaya, ɗaya dai ta fi siriri.

Ta yi a na farko, tsirkiya huɗu. Ta yi a na biyu. Shagon ya yi tsit, sai ƙarar injin wankin mota daga waje. Ya riga ya sani tun a tsirkiya ta uku, amma bai juyo ba.

“Wanne, Auta?”

“Baba, ni ban sani ba.”

“Kin sani. Faɗi.”

Ta yi jim. Sannan a hankali ta ce na farkon, tsirkiyarsa ta uku in an danna tana ɗan hawa sama, kaɗan dai, kamar mai ɗaga murya. Na biyun kuwa duka huɗun zaune suke.

Serah ta ɗauko 'yar na'urarta ta maƙala a sabon nan ruwan zuma, ta gwada tsirkiya ta uku. Allurar ta ɗan gota dama. Ta cire tabarau ta dubi yarinyar, ta ce shekara talatin tana wannan sana'a, manya da yawa ba sa jin wannan.

Sai a lokacin ya juyo. Ya ce mata ta kaɗa waƙar da suke koyo a lakwal, a kan na hannun nan mai karce. Ta zauna a kujera ta fara, kafaɗunta a ɗage, tana jiran wurin da kullum yake karkacewa. Wurin ya zo ya wuce lafiya lau. Ta kai ƙarshe, karo na farko a sati uku. Ta zauna tana kallon yatsunta.

“Ashe ba ni ba ce,” ta ce.

“Ba ke ba ce. Ni ne na sayo miki roba. Ki yafe mini.”

Kuɗinsa dala sittin da biyar. Malam Soumaïla, da yake mai hali ba ya fasa halinsa, ya gyara tsayuwa ya taya arba'in da biyar. Saadatou ta ce “Baba!” tana neman inda za ta ɓuya. Serah ta yi dariya har da dafa tebur, ta ce nan ba a ragi, amma za ta ƙara musu jaka kyauta saboda kunnen yarinyar. Ya ce to, ai shi ma ragi ne. Ta gargaɗe su kada a bar shi a mota cikin rana, kuma lokacin sanyi kada a ajiye shi kusa da hita, itace ne, tsagewa yake. Tana miƙa masa rasit ta tambaye shi, shi me yake kaɗawa?

Ya ce, “Da can ne.”

A mota bai tayar da inji ba. Ya san tambayar tana tafe, gara ta same shi a tsaye. Saadatou tana rungume da jakar a cinya.

“Baba, da can me?”

Sai ya gaya mata. Ya gaya mata sunan kakanta da sana'arsa, da yadda mata suke barin tuwo a wuta in sun ji gurminsa daga nesa. Ya gaya mata zauren Alhaji Chaïbou da abin da ya faɗa a ciki. Bai zagi kowa ba. Ya ce kakanta na wajen uwa mutumin kirki ne, zamaninsu ne haka, kuma da za a sake, Mamanta zai sake zaɓa. Amma ya ce ya yi kewa, wallahi ya yi kewa, har yau in yana tuƙa foklif yatsunsa na hagu motsi suke a kan sitiyari.

Ta zuge jakar ta miƙo masa. “Sau ɗaya kawai. Ba wanda zai gani.”

Ya girgiza kai. “Na ba da magana, Auta.”

Ba ta matsa ba. Ta ɗan yi tunani, sannan ta ce to bakinsa fa, shi ma ya ba da shi? Ya ce a'a. Ta ce to ya yi mata kiɗan kakanta da baki, ita za ta nemo shi.

Ya daɗe yana kallon gilashin gaba. Sannan ya kama sitiyari da hannu biyu, ya rufe baki, ya fara gunjin taken da Baba Amadou yake buɗe kowane wasa da shi. Muryar ta fito a shaƙe, ta tsufa, ta yi tsatsa. Yarinyar ta sunkuyar da kai tana lalube, sauti ɗaya, biyu, ta ɓata, ta koma, ta samu. A zagaye na uku ta kama rabin farko gaba ɗaya, kiɗan Dogondoutchi yana fita daga ɗan akwatin itace a wurin ajiye motoci. Hawaye suka zubo masa har gemu, bai saki sitiyarin ya share ba. Ya ci gaba zuwa rabi na biyu.

Sai ta tsaya.

“Baba, nan wurin. Ɗazu ba haka ka yi ba. Yanzu ka sauka ƙasa kaɗan.”

Ya yi shiru ya sake bin wurin a ransa. Muryarsa ce ta zame, kuka ya ja ta.

“Gaskiyarki,” ya ce. Ya gyara murya. “Mu koma farko.”